Wanne Za Ka Tura? Yadda Ake Zaɓen Rubutun da Za a Miƙa wa Mujallar Adabi

Duk marubucin da ya yi shekara biyu ko uku yana rubutu, da wuya a rasa tarin ayyuka a wayarsa ko a littafin da yake ajiyewa ƙarƙashin matashi: gajerun labarai, waƙoƙi, babi uku na wani dogon labari da ya tsaya a hanya, da wasu guntaye waɗanda shi kansa bai san sunan da zai kira su da shi ba. Ranar da wata mujallar adabi ta sanar cewa ta fara karɓar rubuce-rubuce, sai tambaya ta taso: a cikin waɗannan duka, wanne za a tura? Yawancinmu hannu kan tafi kai tsaye ga wanda muka fi so, wanda muka rubuta muna hawaye, ko wanda aka fi yaba mana a kansa. A ganina nan ne ake yawan asarar dama, domin son da marubuci ke yi wa aikinsa ba ya cikin abubuwan da edita zai gani a takarda.

Sai an fara sanin abin da ke faruwa a can ɓangaren masu karɓa. Mujallar adabi ba kamfanin ɗab'i ba ce da zai ɗauki littafinka sukutum. Lokaci-lokaci take fitowa, wata sau biyu a shekara, wata sau huɗu, kuma kowace fitowa gurbinta a ƙididdige yake: labarai kaɗan, waƙoƙi kaɗan, wataƙila da maƙala ɗaya ko biyu. Masu karanta abin da aka turo galibi ba su da yawa, kuma da damansu aikin sa-kai suke yi bayan sun taso daga wurin neman abinci. Wanda ya zauna da dare da tulin labarai a gabansa ba zai bi kowanne har ƙarshe ba. Shafi na farko da na biyu ne za su gaya masa ko ya ci gaba ko ya wuce. Sannan ba mafi kyawun rubutu kaɗai yake farauta ba, fitowa guda yake haɗawa, wadda yake so ta zama tana da launi iri-iri. Idan ya riga ya ɗauki labari a kan mutuwar uwa, naka da ya zo a kan mutuwar uwa zai iya dawowa gida ko da ya fi wancan armashi. Wannan ba ya hannunka. Abin da ke hannunka shi ne kada ka ƙara wa kanka wani dalilin dawowa.

Wani zai ce wannan ai sayar da kai ne, marubuci ya rubuta abin da ke ransa ya tura, wanda ya so ya ɗauka. Ban yarda da haka ba, kuma tarihinmu ma bai goyi bayansa ba. Ƙagaggen labarin Hausa na boko da irin wannan kira aka haife shi. A 1933 ne Rupert East na Hukumar Fassara da ke Zariya ya shirya gasar da ta fito da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo. Buƙatar hukumar a fili take: littattafan karatu cikin boko, a zube, marasa tsawo, waɗanda za su shiga hannun 'yan makaranta. A lokacin, abin da malamai suka fi sabawa da rubutawa shi ne waƙa da wa'azi da tarihi, amma waɗannan suka dubi abin da aka nema suka kawo shi. Hakan bai rage wa littattafan komai ba, ga shi an haura shekara 90 ana karanta su.

To, tambaya ta farko da ya kamata a yi wa kowane aiki, tun kafin a zo maganar kyau, ita ce: an taɓa fitar da shi? A nan zan daɗe, domin wannan ce matsalar da ta fi cin marubutan Hausa na yanzu, kuma da yawa ba su ma san matsala ba ce.

Kusan duk mujallar adabi da ta san abin da take yi za ta rubuta a ƙa'idojinta cewa aikin da ba a taɓa bugawa ba take karɓa. Mu kuwa idan aka ce bugawa, hankalinmu kan tafi ga littafi mai bango da aka kai kasuwa. A wurin editoci ba haka abin yake ba. Labarin da ka ɗora a shafinka na Facebook inda kowa zai iya gani, ko a Wattpad, dandalin ɗora labarai a intanet, ko a wani shafin intanet naka, mafi yawansu bugagge suke ɗaukar sa. Ga kuma yadda muke aiki a yau: marubuciya ta gama shafi da daddare, kafin ta kwanta ta tura shi zauren WhatsApp mai mutum ɗari biyu ko uku, domin masu karatu suna jira, suna ta aiko da saƙon neman ci gaba. Kafin gari ya waye an kwashe shi an watsa a wasu zaurukan goma. Bayan wata biyu wani ya haɗa shafukan ya ɗora a shafin da ake tara littattafan Hausa, wani kuma ya karanta shi da murya ya sa a YouTube, sau da yawa ba tare da ya nemi izinin kowa ba. Ko da marubuciyar ta goge nata, labarin ya riga ya fita daga hannunta. Edita kuwa jimla ɗaya zai kwafa daga ciki ya liƙa a Google, ya ga inda ta ɓulla.

Ba ƙeta ce ta sa mujallu wannan sharaɗi ba. Abin da mujalla ke samu daga marubuci shi ne haƙƙin zama ta farko da ta fitar da aikin. Bayan ta buga, a mafi yawan yarjejeniyoyi, mallakar aikin tana nan a hannun mai shi, yana iya sa shi a littafinsa daga baya, sai dai ya ambaci inda aka fara buga shi. Idan an riga an karanta labarin ko'ina, mujallar ba ta da abin da za ta miƙa wa masu karatunta wanda ba su gani ba. Gasanni ma haka suke. Gasar gajerun labarai ta Commonwealth, wadda ake buɗewa a farkon Satumba a rufe a farkon Nuwamba, labarin da ba a taɓa bugawa ba take karɓa, mai kalmomi 2,000 zuwa 5,000. Kyautar Caine ta gajerun labaran marubutan Afirka, wadda aka fara bayarwa a 2000, akasin haka take: sai labarin da aka riga aka buga da Turanci, kuma mawallafin ne ke miƙa shi ba marubucin ba. Wato mujalla ce ƙofar shiga can. Wanda ya ƙona labarinsa mafi ƙarfi a Facebook ya rufe wa kansa ƙofa biyu a lokaci guda.

Ba cewa nake yi a daina rubutu a zauruka ba. Can masu karatu suke, can ake samun ɗan abin sa wa a baki, kuma can da yawa suka koyi riƙe mai karatu daga shafi zuwa shafi, abin da ba a koyar da shi a aji. Abin da nake roƙo shi ne a riƙa ware wani abu. A cikin ayyuka biyar, a ɓoye ɗaya ko biyu, kada kowa ya gani sai mutum biyu ko uku da aka amince da idonsu. Nuna wa aboki ko malami don ya yi gyara ba bugawa ba ne. Idan kuma akwai shakka, misali labarin ya taɓa shiga wani ƙaramin zaure na marubuta da ake gyara wa juna, sai a rubuta wa editan a tambaye shi tun kafin a tura. Gara ya ce a'a tun farko da a karɓa sannan a gano daga baya, domin editoci sun san juna, kuma suna hira.

Bayan wannan sai maganar nuna. Hausawa na cewa kowane gauta ja ne sai dai in bai sha rana ba, kuma rubutu ma haka yake. Labarin da aka gama jiya, a idon mai shi babu kamarsa, saboda har yanzu abin da ya yi nufin faɗa yake karantawa, ba abin da ya sauka a takarda ba. A ajiye shi wata guda, a dawo a karanta da ƙarfi, da murya, sai a ji inda harshe ke tuntuɓe, da inda aka maimaita abu sau uku, da inda tauraruwar ta aikata abin da ba a shirya mai karatu ya yarda da shi ba. Idan aka zo zaɓe tsakanin sabon aiki mai zafi da tsohon da aka gyara sau uku, ni tsohon zan tura, in bar sabon ya jira kira na gaba. Kira ba ya ƙarewa.

Akwai wata alama ta rashin nuna da ta zama ruwan dare a wurinmu, kuma gado muka yi. Littattafan kasuwar Kano da suka bunƙasa tun daga shekarun 1980 sun saba mana da labari mai kashi na ɗaya, na biyu, na uku, inda marubuci ke da fili ya shimfiɗa zance yadda ya ga dama. Rubutun intanet ya ƙara tsawaita abin. Shi ya sa za ka buɗe abin da aka kira gajeren labari ka tarar ya fara kamar haka: Alhaji wane haifaffen gari kaza ne, mahaifinsa Bafulatani, mahaifiyarsa Babarbariya, yana da mata biyu da 'ya'ya goma sha ɗaya, ta farko ita ce wance wadda ta auri wane. Kafin a iso ga yarinyar da labarin ya shafa an ci kalmomi ɗari huɗu. A dogon littafi mai karatu zai yi haƙuri. A mujalla kuwa, editan ya riga ya buɗe na gaba. Kwatanta shi da labarin da ya fara da tela a daren jajiberin salla, wuta ta ɗauke, ga ɗinkin marainiyar maƙwabcinsa bai taɓa ba, ga yaron wani mai kuɗi tsaye a ƙofar shago yana jiran na ubansa. A layi uku an san wane ne, an san abin da ya matse shi, an kuma san dole ya zaɓa. Idan kana da labarai biyu, ɗaya mai farawa irin ta farko ɗaya irin ta biyu, ka riga ka san wanda za ka tura, ko da na farkon ka fi so.

Wannan ya kawo mu ga masu son yanko babi daga dogon labari su tura. Ana yi, kuma yana yin kyau idan babin zai iya tsayuwa da ƙafarsa. Labarin Elnathan John mai suna Bayan Layi ya fito a mujallar Per Contra, ya shiga jerin ƙarshe na kyautar Caine a 2013, daga baya ya zama mafarin littafinsa Born on a Tuesday. Abin lura shi ne wanda ya karanta labarin shi kaɗai bai ji an bar shi a rataye ba: yana da farko, yana da abin da ya faru, yana da inda ya sauka. Gwajin mai sauƙi ne. Ka ba wanda bai san littafin ba ya karanta babin. Idan ya ɗago yana tambayar wace ce Hajiya Babba, me ya haɗa ta da direban, to babin na littafi ne, a bar shi a can. Babin da ya ƙare da "mu haɗu a kashi na gaba", ko a fili ko a ɓoye, bai dace da mujalla ba.

Sai kuma sanin gidan da za a kai kayan. Abin mamaki ne yadda mutum zai yi wata shida yana rubuta labari, amma ya kasa ware awa biyu ya karanta fitowa ɗaya ta mujallar da zai tura wa, alhali yawancin mujallun Afirka na yanzu a intanet suke, kyauta. Kowace mujalla da halinta, tun zamanin Black Orpheus da aka kafa a Ibadan a 1957, da Transition ta Kampala a 1961, da Okike da Chinua Achebe ya fara a 1971. Omenana, wadda ta fara fitowa a 2014, labaran da suka ƙetare duniyar da muka sani take bugawa: na kimiyyar gobe, na tsafi, na ban tsoro. Marubucin da ke da labari a kan aljanar da ke zaune a tsohuwar rijiya, ko a kan Kano bayan shekara ɗari, yana da wurin zuwa. Labarin kishiya da uwar miji, komai daɗinsa, ba nan ne gidansa ba. Lolwe ta Kenya, da Doek ta Namibiya, da Isele, da Agbowó, kowacce idan ka karanta labarai uku ko huɗu a cikinta za ka fara jin irin muryar da editocinta ke so, da tsawon da suka fi ɗauka, da ko suna son labari mai tafiya kai tsaye ko mai wasa da tsari.

A Hausa zalla kuwa, gaskiyar magana ita ce mujallun da suka keɓe kansu ga ƙagaggen rubutu ba su da yawa. Mujallun jami'o'i irin su Algaita da Harsunan Nijeriya na Jami'ar Bayero, ko Ɗunɗaye ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, na nazari ne, maƙalun bincike suke nema, don haka kada a tura musu labarin soyayya a zauna jiran amsa. Abin da ya rage mana shi ne filayen adabi na jaridu, da kundayen da ƙungiyoyin marubuta ke haɗawa, da gasanni. Ƙa'idar zaɓe dai ɗaya ce. Ɗauki Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016 domin mata: kalmomi 1,000 zuwa 1,500 ake nema, kuma labaran da suka yi fice ana karanta su a rediyo. Wannan kaɗai ya isa ya yi wa marubuciya jagora. Labari mai taurari takwas da tsalle-tsalle tsakanin jiya da shekara goma baya zai rikita mai sauraro. Labari mai kalmomi 4,000 da aka datse da ƙarfi ya koma 1,500 kuwa yakan fito kamar taƙaitawar wani labarin, duk naman ya tafi. Wanda tun asali a wannan girman aka haife shi, shi ya fi cancanta.

Akwai wani tarko a nan da ya kamata a yi hattara da shi. Idan labari a kan 'yan gudun hijira ko fyaɗe ko auren dole ya yi nasara a bana, baɗi sai a ga kowa ya karkata can, ana zaton jigon ne ya ci. Ba jigon ba ne, yadda aka riƙe shi ne. Alƙali ko editan da ya karanta labari na talatin a kan abu guda ya riga ya gaji, kuma na talatin da ɗaya sai ya yi abin da sauran ba su yi ba kafin ya farkar da shi. Waɗannan matsaloli ne na gaske, suna cin rayukan mutanenmu, sun cancanci a rubuta su. Amma idan a cikin ayyukanka akwai wanda ya fito daga abin da ka sani da idonka, rumfar mahaifinka a kasuwa, layin ɗiban ruwa a unguwarku, zaman jiran likita da tsohuwarka, to wannan yana da abin da babu wanda zai turo irinsa. Sau da yawa shi ne marubuci ke rainawa, yana ganin ai ba wani babban abu ba ne.

Mu ɗauka, a matsayin misali, wata marubuciya ce ke da ayyuka uku a hannu, ga kuma kira na gajeren labari da bai wuce kalmomi 3,000 ba. Na farko labarin soyayya ne da ya yi tashe a zaurenta, har ana kiran ta da sunan tauraruwar. Na biyu babi na bakwai ne na littafin da take kan rubutawa, inda take ganin nan alƙalaminta ya fi kaifi. Na uku ɗan labari ne da ta rubuta bara ta manta da shi, a kan wata tsohuwa mai wankau da ta tsinci takardar asibiti a aljihun rigar uwar ɗakinta, ta rasa ko ta yi magana ko ta yi shiru. Zuciyarta na kan na farko, alfaharinta na kan na biyu. Na farkon ya fita tun a tambayar farko, duniya ta riga ta karanta shi. Na biyun sai an san babi shida kafin a gane dalilin kukan da ake yi a ciki. Na ukun babu wanda ya gani, ya kwana ya huce, mutum biyu ne kawai a cikinsa, kuma yana ƙarewa inda ya kamata. Aikin da ya rage mata shi ne ta zauna ta gyara shi: ta daidaita ƙa'idar rubutu, ta raba "ya na" da "yana" inda ya dace, ta sa wa ɗ da ƙ da ɓ ƙugiyarsu, ta cire gajerce-gajercen hira ta waya. Editan Hausa da ya ga an rubuta "kasa" a inda ake nufin "ƙasa" tun a layin farko ya san irin wahalar da ke jiran sa.

Waƙa tana da nata lissafin. Yawancin mujallu kan nemi waƙoƙi uku zuwa biyar a takarda guda, kuma kuskuren da ake yi shi ne a tura biyu masu ƙarfi a cike da uku na cikon benci. Raunanan suna jan masu ƙarfin ƙasa, domin edita zai fara shakkar ko dacen ne aka yi. In uku gare ka masu kyau, tura ukun. Ka sa mafi ƙarfi a gaba, kada ka ɓoye ta a ƙarshe kana jiran a iso. Ga mai rubuta waƙar Hausa ta gargajiyar malamai, mai buɗewa da basmala da salati, mai ƙwar biyu ko ƙwar biyar, wato layi biyu ko biyar a kowane baiti, wadda kan kai baiti hamsin ko fiye, sai ya dubi gurbin da mujallar ke ba waƙa. Idan shafi ɗaya ne, gajeriyar da ta cika kari da amsa-amo ba tare da tilasta wa kalma ba ita ce ta tafiya. Doguwar a ajiye ta don diwani ko don taron da za a rera ta, inda za ta samu haƙƙinta.

Masu son fassara aikinsu zuwa Turanci ko Faransanci don su kai shi waje, su ma zaɓen nasu daban ne. Gasar Commonwealth tana karɓar labarin da aka fassara zuwa Turanci daga kowane harshe, kuma mujallu da dama suna maraba da fassara. Ƙungiyar marubutan Afirka ta Jalada ma a 2016 ta fitar da wani labarin marubucin Kenya Ngugi wa Thiong'o da ya rubuta da harshensa na Gikuyu cikin harsuna fiye da 30, har da Hausa. Sai dai ba kowane aiki ke jure ƙetarawa ba. Labarin da ƙarfinsa ke cikin habaici da zaurance da kirari da yadda kishiyoyi ke jifan juna da karin magana, idan aka juya shi yakan zama fanko, ko ya cika da bayanin ƙasan shafi. Wanda ƙarfinsa ke cikin abin da ya faru da halin mutanen ciki shi ya fi isa can da ransa. Na farkon ba shi da laifi, masu karatunsa Hausawa ne, a nema masa gida a cikinsu.

Wata tambayar da ba a cika yi ba, alhali tana da nauyi a al'umma irin tamu: za ka iya tsayawa a bayan wannan aikin bayan shekara goma? Abin da mujalla ta buga a intanet yana nan, da sunanka a kai. Idan labarin daga sirrin gidanku aka ɗebo shi, ka sani gwaggo za ta gane kanta ko da ka canza mata suna da gari, kuma akwai wanda zai kai mata. Ba ina nufin a guje wa gaskiya mai ɗaci ba, adabin da ke tsoron kowa ba ya amfanar kowa. Ina nufin a yanke shawarar da ido buɗe, kafin a tura. Janye aiki bayan an karɓa, an gyara, an tsara shafi, yana ɓata dangantaka da mujalla fiye da yadda ake zato.

Da an tsayar da aikin, sauran abubuwan ba su da wuya. A fara kai shi mujallar da aka fi buri, in ta mayar sai a sauko, domin idan ƙarama ta riga ta ɗauka babbar ta wuce ke nan. A duba ko mujallar ta yarda a tura aiki ɗaya wurare da yawa a lokaci guda. Da yawa sun yarda, bisa sharaɗin cewa da zarar wani wuri ya karɓa za a sanar da sauran a janye nan take, a Submittable ne, shafin da mujallu da dama ke karɓar rubutu ta cikinsa, ko ta imel. Wadda ta ce ba ta yarda ba, a girmama maganarta. Amsa kan ɗauki makonni, sau da yawa wata uku zuwa shida, kuma a duk tsawon lokacin aikin a ɗaure yake, ba za a ɗora shi a Facebook ba. Mujallar da ta nemi marubuci ya biya kuɗi masu yawa kafin ta buga masa kuwa, a yi nesa da ita.

Idan amsa ta zo da a'a, a karanta ta da kyau kafin a rufe. Akwai wasiƙar da ake tura wa kowa, akwai kuma wadda edita ya ƙara layi ɗaya da hannunsa, ya ce labarin ya kai zagayen ƙarshe, ko ya ce a sake turo musu wani. Irin wannan ta biyun gayyata ce ta gaske, editoci ba sa rubuta ta don faranta rai. Sai a koma cikin ayyukan da aka ɓoye, a dubi wanda ya fi kusa da abin da ya yaba, a gyara shi, a tura a kira na gaba tare da tuna masa maganarsa a wasiƙar gabatarwa. Wanda aka mayar ɗin kuma, in wuri uku ko huɗu suka mayar da shi ba tare da ko kalma ba, a sake buɗe shi a dubi shafinsa na farko kafin a kai shi wuri na biyar.